Yadda Muka Fitar da Kundin Auta Daga Kwamfuta Zuwa Takarda

Autarmu ta kammala kundin digirinta na farko a sashen Hausa, nazari ne a kan waƙoƙin niƙa da daka na matan ƙauyenmu. Malamin da ke duba mata aikin ya amince, saura a buga kwafin da za a ɗinke a kai sashe. A kwamfutarta komai tsaf yake, tun daga shafin sadaukarwa har rataye. Da yake aikin ofis ya sa na saba da Word, sai ta ce in raka ta shagon buga takardu da ke kusa da ƙofar jami'arsu a Kano, in taya ta duba shafuka. A nan muka yini.

Kafin rubutu ya fito a takarda, ta hannu huɗu yake bi: fayil ɗin kansa, sai Word, sai Windows tare da direban firinta, sannan firintar. Kowanne cikinsu yana iya riƙe aikin ko ya ɓata shi, kuma alamar da mutum zai gani kusan iri ɗaya ce. Shi ya sa duk wanda bai gano a hannun wa aikin ya maƙale ba, kuɗi da takarda kawai zai yi ta ƙonawa.

Mai shagon ya sa filashin Auta, ya buɗe kundin, ya danna Ctrl da P, ya tura. Firinta ko motsi. Ya sake turawa, shiru.

"Malam, tun safe take min wannan halin," in ji shi. "Ina jin Word ɗin ne ya kamu da bairos. Gobe zan kira injiniya ya yi wa kwamfutar fomatin."

Auta ta dube ni. "Yaya, mu je wani shagon mana."

Lokacin kai kundi ne, kowane shago a layin cike yake da ɗalibai har bakin ƙofa. Na ce wa mai shagon, "Maigida, kafin a kai ga fomatin, a ba ni kujerar nan in gwada wani abu." Ya tashi ya ba ni, ya tsaya a bayana yana kallo.

Na bi abin ne kamar yadda mai gyaran famfo yake bin bututu, ya fara daga bakin famfo yana komawa baya har tanki. Firinta na fara tambaya ita kaɗai. Yawancin firintoci suna iya buga shafin bayanin kansu ba tare da kwamfuta ba, ko dai ta danne wani maɓalli na ɗan lokaci ko ta ɗan allon da ke jikinsu. Shafin ya fito fes, baƙi wuluk. To, firinta lafiyarta ƙalau. Na koma kwamfuta, na shiga Control Panel, na buɗe Devices and Printers, na danna hannun dama a kan firintar, na zaɓi Printer properties, na danna Print Test Page. Wannan shafin gwaji ne na Windows, babu ruwansa da Word. Bai fito ba. Nan take na san Word ba shi da laifi, domin saƙon ko fita daga Windows ba ya yi.

Da na buɗe layin jiran ayyuka sai ga su jere reras, na safe a sama da alamar kuskure, sauran duk sun taru a bayansa, har da kundin Auta sau biyu. Mai shagon ya tuna cewa da safe yana tsakiyar buga wa wani takardar neman aiki aka ɗauke wuta. Wannan aikin da ya yanke shi ne ya toshe hanya. Na ce a goge shi, ya tsaya yana nuna ana gogewa, ya ƙi tafiya.

A Windows akwai wani ɗan ma'aikaci mai suna Print Spooler, shi ke karɓar duk abin da aka tura, ya ajiye shi a wata jaka, ya riƙa miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Muddin yana kunne ba ya sakin fayil ɗin da ya riƙe. Sai na kashe firintar, na danna maɓallin Windows da R, na rubuta services.msc, na nemo Print Spooler na danna Stop. Daga nan na shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, na goge abin da ke ciki, ƙananan fayiloli ne masu ƙarewa da SPL da SHD. Jakar kanta ba a taɓa ta, kayan cikinta kawai. Na koma na danna Start, na kunna firinta. Na kuma duba cewa ba a sa alama a kan Use Printer Offline ba, sannan firintar da Word zai tura wa ita ce wadda ke haɗe da waya, domin idan aka sauya wa wayar USB rami Windows kan ƙirƙiri wata firinta ta biyu mai suna iri ɗaya, da Copy 1 a ƙarshe, mutum ya yi ta tura aiki ga wadda ba ta nan.

Shafin gwaji ya fito. Na rubuta layi ɗaya a Notepad, wata ƙaramar manhajar rubutu ta Windows, ya fito. Na buɗe sabon fayil a Word, na rubuta salamu alaikum, shi ma ya fito. Mai shagon ya ce, "Ikon Allah. Ashe da na biya kuɗin fomatin a banza."

Da a ce Notepad ya buga amma sabon fayil ɗin Word ya ƙi, da sai in rufe Word in sake buɗe shi ina danne da Ctrl. Hakan na tashe shi ba tare da ƙarin manhajojin da aka liƙa masa ba, kuma idan ya buga a haka to ɗaya daga cikinsu ce ke hana ruwa gudu. Akwai kuma Normal.dotm, uwar tsarin da kowane sabon fayil ke gado, wadda idan ta lalace ake sauya mata suna Word ya ƙirƙiri sabuwa da kansa. Ba mu kai ga wannan ba.

Muka tura shafukan farko na kundin. Firinta ta yi gurnani, ta tsaya, fitilarta mai ruwan lemo ta kama ƙiftawa. Tun da sabon fayil ya wuce lafiya, wannan matsalar daga kundin take. Na duba Layout, na buɗe Size, sai na ga an tsara shi a kan Letter. Kwamfutar Auta ta hannu ce, daga Amurka aka shigo da ita, kuma can Letter suke amfani da ita. Mu kuwa A4 ce a kasuwa. A ido kamar ɗaya suke, amma A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, ita kuwa Letter wajen 216 ne da 279. Wato tamu ta fi tsawo da milimita 18, ta fi siranta da 6. Firintar tsayawa ta yi tana jiran a zuba mata takardar da babu ita a shagon.

Mai shagon ya ce akwai wani zaɓi a cikin Word da ke matse aikin Letter ya shiga A4, a kunna shi kawai a huta. Akwai shi kuwa, a ƙarƙashin File, Options, Advanced, kuma ga wasiƙa ko takardar gayyata ba shi da aibu. Amma ban yarda da shi ga kundi ba. Sashensu Auta sun ƙayyade a bar inci 1.5 a gefen hagu saboda ɗinki, idan kuwa aka matse shafi wannan awon ya tashi daga yadda yake. Na shiga More Paper Sizes, na zaɓi A4, sannan a ƙasa inda aka rubuta Apply to na zaɓi Whole document. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin kundi a rarrabe yake sashe-sashe, idan ba a ce duka ba sashen da mutum yake ciki kawai zai sauya. Shafuka suka motsa, wasu kanun labarai suka haura sama, jimillar shafukan ta ragu kaɗan.

Shafin da ya fito bayan nan a tsuke yake, rubutun ya ƙanƙance ya raɓe a hagu, ga wani fili mai ruwan toka a dama ɗauke da gyare-gyaren malaminta. Auta ta ɓoye su ne a allo, ba ta cire su ba. A shafin bugawa, ƙarƙashin Print All Pages, akwai Print Markup, cire masa alama ya wadatar. Duk da haka na ajiye kwafi na daban mai gyare-gyaren saboda tarihi, sannan a wanda za mu buga na shiga Review na karɓi dukkan sauye-sauyen, na goge sharhin gaba ɗaya. Kundin da za a ajiye a laburare bai kamata ya tafi da maganar da ke tsakanin malami da ɗalibarsa ba.

Babi na ɗaya zuwa na biyar suka fito lafiya. Da muka zo rataye, inda matanin waƙoƙin yake, Auta ta ɗauki shafin farko ta yi salati.

"Yaya, dubi abin da ya fito. Wannan ai ba rubutuna ba ne."

Duk inda ƙ take, alamar } ce a wurin. Inda ɗ take an sami ], inda ɓ take an sami ~. Kalmar ƙasa ta zama }asa, ɗaki ya zama ]aki. Na duba allon kwamfutar shagon, haka yake a can ma. Ta buɗe tata kwamfutar, ga waƙoƙin nan da lanƙwasarsu cif.

Na tambaye ta wanda ya buga ratayen. Ta ce wani dattijo ne, tsohon malamin firamare a garinmu, shi ya tattara waƙoƙin daga bakin tsofaffi shekaru da yawa da suka wuce, ya ba ta fayil ɗin, ya kuma sa jikansa ya zuba mata wani fon, wato salon zanen haruffa, a kwamfuta don ta iya karantawa. Da jin haka na gane inda aka kwana.

Lokacin da kwamfuta ta shigo ƙasar Hausa babu haruffa masu lanƙwasa a cikinta. Masu kishin harshen suka nemi mafita, suka ƙera fon na musamman. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan hidima, kuma fon ɗin Rabi'at da Abdalla sun yi wa marubuta da maɗaba'u aiki mai yawa. Dabarar irin waɗannan fon ita ce a ɗauki maɓallan da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana musu siffar haruffanmu. Wasu sun yi amfani da alamomin baka, wasu kuma q da x da v, shi ya sa har yau ake cin karo da qasa da xaya da vangare a wasu rubuce-rubucen intanet. A ido ƙ ce, amma a cikin fayil har yanzu } ce sanye da rigar ƙ. Idan fayil ya je kwamfutar da ba ta da wannan fon, Word ba ya ƙorafi, sai ya ɗauko wani fon ya maye gurbinsa, asalin alamar ta bayyana. Mai son tabbatarwa ya shiga File, Options, Advanced, ya danna Font Substitution, zai ga sunan fon ɗin da ya ɓace da wanda aka sa a madadinsa. Na nuna wa mai shagon, ga sunan nan kuwa.

Hanya biyu ce a gabanmu. Mai sauƙin ita ce a kwafo fon ɗin daga kwamfutar Auta a zuba a ta shagon, cikin minti kaɗan an gama. Amma sashe sun ce a haɗa da kwafin kwamfuta, kuma duk wanda ya buɗe shi nan gaba ba tare da fon ɗin ba, abin da muka gani zai gani. Waƙoƙin nan kuwa wasu daga cikin matan da suka rera su sun rasu, ba a da wani matanin sai wannan. Na ce mata mu sha wahalar yau, mu mayar da su haruffa na gaskiya.

Yanzu kowane harafi mai lanƙwasa yana da lambarsa a tsarin Unicode, wadda kowace kwamfuta da waya suka sani. Ƙaramar ƙ ita ce 0199, babba 0198. Ƙaramar ɗ 0257, babba 018A. Ƙaramar ɓ 0253, babba 0181. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y, tasu ƙaramar 01B4 ce, babbar 01B3. A Word ana rubuta lambar, a danna Alt da X tare, sai ta rikiɗe ta zama harafin. Idan a tsakiyar kalma ne gara a fara da U+ kafin lambar, don kada Word ya haɗa da harafin da ke gabanta ya fito da wani abu daban. Na fitar da shidan da muke buƙata a wani sabon shafi, na riƙa kwafo su ɗaya-ɗaya.

Sai Ctrl da H, akwatin nema da sauyawa. A nan ne ake buƙatar natsuwa. Kundin Hausa ne, kuma a babi na huɗu Auta ta nuna furucin wasu kalmomin karin harshen ƙauyenmu a cikin baka mai kusurwa, kamar yadda masana sauti suke yi. Da na ce a sauya ] da [ a ko'ina, da duk waɗannan sun zama ɗ da Ɗ, a gyara rataye a ɓata babi. Saboda haka ratayen kaɗai na zaɓa na haskaka, kuma duk lokacin da Word ya tambaya ko ya ci gaba da sauran fayil ɗin sai in ce a'a. Na kuma tabbatar babu alama a kan Use wildcards, domin idan tana kunne waɗannan alamomin umarni suke zama, ba rubutu ba. Wanda fayil ɗinsa na q da x da v ne, shi kuma Match case zai kunna, ya yi manya daban ƙanana daban, ya kuma kula da sunayen littattafan Ingilishi da ke cikin manazarta.

Bayan zagaye shida na sauyawa na mayar da ratayen kan Times New Roman, wanda a Windows na yanzu yana ɗauke da haruffan nan duka. Faɗin haruffa ya bambanta, don haka wasu ɗangogin da a da suke layi guda suka karye biyu. Muka zauna, Auta tana karantawa a bayyane daga kwamfutarta, ni ina bi da yatsa a allon shagon, baiti bayan baiti. Wannan ne ya fi komai cin lokaci, kuma ban yi nadamarsa ba. Wata ɗaliba da ke jiran layi ta ji waƙar niƙan da ake karantawa, ta ce kakarta ma tana yin irinta, da ɗan bambanci a amshi. Auta ta rubuta bambancin a bayan wata takarda da ta lalace.

A shafin take ma akwai ɗan abu: ƙ ɗin da ke cikin Waƙoƙin ta fi sauran haruffa siranta. Fon ɗin ado da aka sa ba shi da ita, sai Word ya aro ta daga wani. Muka sauya fon ɗin taken gaba ɗaya.

Sauran matsalolin ƙanana ne. A shafin ƙunshiya, layi biyu sun fito da Error! Bookmark not defined. a maimakon lambar shafi, saboda Auta ta taɓa goge waɗannan kanun ta sake rubuta su, alamar da ƙunshiya ke bi ta tafi. Na tabbatar kanun suna kan salon Heading, na danna cikin ƙunshiyar, na danna F9, na zaɓi Update entire table. Dama tilas a yi haka tun da shafuka sun motsa. Akwai kuma farin shafi da ke fitowa bayan babi na uku. Ctrl da Shift da 8 suna bayyana alamomin da ba a gani, sai ga wani sakin layi fanko a bayan jadawalin da ya cika shafi, shi ya tsallaka ya kama shafi guda shi kaɗai. Word ba ya bari a goge sakin layin da ke bayan jadawali a irin wannan wuri, sai na rage girman harafinsa zuwa 1, ya koma ya ɓuya a ƙasan jadawalin.

Da muka zo sake buga shafukan gaba da suka sauya, yaron shagon ya rubuta 3-5, abin da ya fito ba shi muke nema ba. Kundi yana da jerin lambobi biyu, na Romawa a shafukan gaba, sannan a sake farawa daga 1 a babi na ɗaya, don haka shafi na 3 biyu ne. Sai an gaya wa Word sashen da ake nufi. Ana rubuta p3s1-p5s1, wato shafi na 3 zuwa na 5 a sashe na farko, ko da a takarda iii da v aka rubuta. Lambar sashe tana fitowa a layin ƙasan allo idan aka danna hannun dama a kansa aka zaɓi Section. Yaron ya ciro biro ya rubuta wannan a jikin kwalin takarda.

Daga nan na ajiye kundin a matsayin PDF, ta File, Save As. PDF yana tafiya da fon ɗinsa a ciki, kuma shafi ba ya motsi ko a wace kwamfuta aka buɗe shi. Muka bi shi shafi-shafi, sannan muka tura, na zaɓi Actual size a maimakon Fit, don kada manhajar karanta PDF ta sake matse abin da muka sha wahalar aunawa.

Kwafin farko bai kai rabi ba aka ɗauke wuta. Na soke aikin daga layin jira kafin a yi komai, don kada abin safe ya maimaita kansa. Mai shagon ya tayar da ɗan ƙaramin janaretonsa, muka ci gaba daga inda aka tsaya. Duk lokacin da firintar ta ja takarda sai janareton ya yi nishi, fitilar shagon ta dusashe. Auta ta shafa wani shafi da ɗan yatsa, rubutun ya biyo yatsan.

"Tona ce ta ƙare," in ji yaron shagon, ya nufi inda ake ajiye sabuwa.

Na ce ya dakata. Da tona ce ta ƙare, rubutun dishi-dishi zai fito ko da farin zane a tsaye. Wannan kuwa baƙi ne sosai, kamawa ce bai yi ba. Firintar leza ba ruwan tawada take zubawa ba, gari ne take ɗorawa a takarda, sannan ta bi da ita ta cikin wani abin naɗi mai zafin da ya kusa digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, ya narkar da garin ya manne. Wannan ɗumamawar ita ke shan wuta, kuma ƙaramin janareto ba ya iya ɗaukarta tare da kwamfutoci da fanka. Babu wani saiti a Word da zai gyara wannan. Mai shagon ya je ya roƙi maƙwabcinsa mai injin hoto, wanda ke da babban janareto, aka jawo waya. Ya kuma buɗe sabon rim, mai nauyin giram 80, domin damina ce, takardar da ta kwana a buɗe ta sha danshi, tana fitowa a lanƙwashe, wani lokacin biyu a manne. Ya karkaɗe ta kafin ya zuba. Muka ware shafukan da aka buga da ƙaramin janareto, muka sake su.

Auta ta jera kowane kwafi, tana duba lambar shafi tana shafawa da yatsa. A filashinta na bar mata fayil uku da sunaye mabambanta: mai gyaran malam, na Word da muka tsabtace, da PDF ɗin da aka buga. Na ce ta aika wa dattijon nan ratayen da aka mayar Unicode, don jikokinsa su iya buɗewa ko a waya. Mai shagon ya ƙi karɓar kuɗin shafukan da suka lalace, ya ce a bar shi a madadin kuɗin injiniya, ya kuma sa Auta ta rubuta masa lambobin haruffa shidan nan ya liƙa a gefen allonsa.

Mai ɗinkin kundi a shago na uku yake daga nan. Ya ɗauki rula ya auna gefen hagu, ya ce filin ya isa. Ya tambayi launin bangon da sashensu ke karɓa, ya kwafi taken harafi-harafi, ya ce a zo a karɓa jibi bayan la'asar.